Baƙin Sama Sun Tafi da Talabijin ɗin Saudatu

Talabijin ɗin gidan Garba tela ya bar unguwar Mahjar ta Jidda ranar Alhamis da ta wuce, bayan la'asar, a bayan wata doguwar baƙar mota. Bidiyo ma ya bi shi, da kaset a cikinsa. Ba sata aka yi ba, ba ƙwace ba. Garba ne ya bayar da bakinsa a gaban shaidu, ni ma ina cikinsu. Matsalar guda ɗaya ce: kayan ba nasa ba ne, na matarsa Saudatu ne, kuma da tanda da kasko ta same su, don ita ke yi wa rabin Hausawan unguwar masa da funkaso.

Mai karatu da ke gida ya sani cewa babu gidan silima a Jidda. Wanda ke son kallo sai ya nemi mai bidiyo ya ƙulla zumunci da shi. Mu namu zumuncin a ɗakin baƙin Garba yake, kowace Alhamis, kuma ba ma kallon komai sai fina-finan da wasu halittu ke saukowa daga sama su mamaye duniya. Baƙin sama muke ce musu.

Kowa da irin nasa. Bawa, direban babbar mota ɗan Damagaram, ya fi son wanda jirginsu zai rufe rana su hau ƙone-ƙone ba sallama. Ya ce aƙalla waɗannan ba su ɓata wa mutum lokaci. Abdulghaffar, haifaffen nan wanda kakansa ya zo hajji a ƙafa bai koma ba, ya fi son wanda baƙin ke rikiɗa su zama mutane, ka kwana ka tashi da su ba ka sani ba. Ni kuwa na fi son masu ladabi, waɗanda za su sauko da murmushi su ce da alheri suka zo, a kai su wurin shugabanku. Aikin jarida ya koya mini cewa irin waɗannan ne ke tafiya da kaya mafi yawa.

Ran nan mun kai inda jirgin baƙin ya tsaya bisa teku yana zuƙe ruwa, ana ta gardama.

"Ya shekh, ina sojoji?" in ji Abdulghaffar. "Wallah aib ne, ana shanye musu bahar suna kallo."

"Bon, sojoji suna taro," in ji Bawa. "Sai sun gama shan shayi."

Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mai riƙe jaka ne ya fara shigowa, ya sanar da mu cewa Mai Girma Garkuwan Mazauna Waje, Shugaban Kwamitin Share Hawayen 'Yan Gida, ya iso domin ya ga halin da muke ciki da idonsa.

Dole in yaba wa wannan kwamiti. Ban taɓa ganin masu kishin talaka irinsu ba. Ba sa tuna hawayenmu sai lokacin umra ya kama, amma da ya kama ba su taɓa fashi ba. Su sauka a otal ɗin bakin teku, inda suka ce an fi hango matsalolinmu da kyau. Bara sun yi mana alkawarin makarantar da yaranmu za su koyi Hausa. Bana sun zo duba inda aka kwana a kan alkawarin, kuma sun same shi lafiya, yana nan inda suka bar shi.

Muka miƙe, aka gaisa, aka ba Mai Girma wuri mafi laushi. Saudatu ta turo masa mai zafi da miyar taushe daga ciki. Ya ci, ya sa albarka, ya tambaye mu ko akwai damuwa. Bawa ya buɗe baki zai fara, sai idon Mai Girma ya sauka kan talabijin.

"Kai, masha Allah! Malam Garba, wannan akwati haka? Dubi ruwan tekun nan kamar mutum ya sa hannu."

A nan ne Jidda ta yi wa Garba illa. Al'adar garin nan ce, in baƙo ya yaba abinka, agogo ne ko mota, ka ce masa "mugaddam", wato ga shi nan, naka ne. Shi kuma ya dafa ƙirji ya ce a'a, ya fi kyau a hannun mai shi, Allah ya ƙara albarka. Shi ke nan, kowa ya fita kunyar kowa, agogo yana hannun mai agogo. Garba ya daɗe a ƙasar nan har abin ya zama masa kamar amsa sallama. Bai san lokacin da ya fita daga bakinsa ba, har da fassara.

"Mugaddam, ranka ya daɗe. Ai naka ne."

Muka jira a dafa ƙirji. Mai Girma kuwa ɗaga hannu ya yi sama.

"Allahu akbar! Kun gani? Wannan shi ne ɗan halak. Ba zan mayar da hannun kyauta baya ba, kada in kunyata ka a gaban jama'arka."

Ban taɓa ganin ma'aikacin hukuma ya yi aiki da sauri irin na mai riƙe jakar nan ba. Kafin Garba ya haɗiye yawu an zare waya daga bango. Da Mai Girma ya lura cewa bidiyon ne ke ba akwatin hoto, ya ce ba shi da kyau a raba su. Abdulghaffar ya yi ta raɗa wa Garba, "Gul shay, ka ce wani abu mana!" Garba ya ce wani abu. Ya ce, "A yi hankali da matakala."

Bayan motar ta tashi, labulen ciki ya motsa.

"Malam, me na ji ana saukarwa?"

"Baƙo ne ya yaba, Saudatu."

"Ya yaba, sai aka yi yaya?"

"Sai na yi masa irin ta gari."

"Irin ta gari da kayan wa? Me ya hana ka yi masa irin ta gari da keken ɗinkinka?"

Mu dai muka nemi takalmanmu. Tun daga ranar tukunyar gidan ba ta san da Garba ba. A shago yake cin shinkafar buhari, irin ta gidajen abincin garin nan, kuma an shaida masa cewa haka za a ci gaba har akwati ya dawo mazauninsa.

Da aka kwana biyu Saudatu ta ce ita ma ta iya al'adar gari. Ta toya masa mai zafi cike da kwano, ta sa abaya, ta ce mu raka ta otal ta yi wa Mai Girma bangajiya. Dabararta mai sauƙi ce: abin da yabo ya fitar, yabo zai dawo da shi.

Mun tarar da falon cike da hawayen 'yan gida da aka riga aka share: darduma a naɗe, jarkokin zamzam, katan-katan na dabino, firji ƙarami. Talabijin ɗin yana tsakiya, an ɗaure shi da igiya, fuskarsa kawai ke waje. Saudatu ta gaisa, ta ajiye kwano, ta tsaya a gabansa.

"Masha Allah, ranka ya daɗe! Wannan talabijin naka ya yi kyau. Tun da nake ban ga wanda ya kwanta mini a rai irinsa ba."

Garba ya rufe ido.

"Ai kuwa, Hajiya, kina da ido," in ji Mai Girma. "Kyauta ce wani bawan Allah ya yi mini. Mutanenmu na nan akwai karamci."

"Irinsa sak nake da shi a gida, ranka ya daɗe. Yanzu babu."

"Subhanallahi! Ashe har da wannan a cikin matsalolinku?" Ya juya ga mai riƙe jaka. "Ka tuna mini. Rashin talabijin a gidajen mazauna waje. Za mu kafa ƙaramin kwamiti."

Sannan ya buɗe kwanon, ya yaba masar, ya yaba kwanon. Na ga leɓen Garba ya fara motsi, na taka masa ƙafa.

A hanyar komawa Bawa ya ce shi fa har yanzu masu ƙone-ƙone ya fi so, don in sun gama aƙalla ba sa cewa ka yi musu godiya. Abdulghaffar ya ce halas, magana ta ƙare, daga yau duk baƙon da ya zo daga gida a rufe komai da zane kafin ya shigo. Ni dai ina lissafin cewa a fim, in baƙi sun sauko, mutanen duniya kan rasa gari ɗaya ko biyu sannan su gane. Mu kuwa kowace shekara da masa muke tarbarsu.

Jiya mai riƙe jaka ya dawo Mahjar. Garba ya fito da gudu ba takalmi, yana leƙen bayan motar. Ba a kawo komai ba. An dai gano cewa akwatin ba ya kama tasha sai da rimot, kuma Mai Girma ya tabbata mantuwa ce ta sa ba a haɗa masa da shi ba.

Rimot ɗin yana hannun Saudatu. Daga bayan labule ta ce a gaya wa Mai Girma abin yana da wuyar sha'ani, ba ya jin hannun baƙo, sai an kawo talabijin ɗin gida ta saita su tare. Mai riƙe jaka ya ce zai isar da saƙo. Jirgin kwamiti jibi zai tashi, kuma har lokacin da nake rubutun nan ba a ji komai daga otal ba.