Yadda Za Ka Raba Ɗiyarka da Ƙafar Hagu Cikin Kwana Bakwai

Idan Allah ya ba ka ɗiya mai alkafura, kuma ka lura da ƙafar hagu take tashi, ka kwantar da hankalinka. Akwai hanya. Makau mai gyaran babur a bakin tashar Gummi ya bi ta daki-daki a kan ɗiyarsa Zaliha, 'yar shekara takwas. Ka bi sawunsa, na ba ka tabbaci cikin mako guda magana za ta ƙare.

1. Ka je ka gani da idonka

Ran Alhamis Makau ya bar babur a kwance da cikinsa a buɗe, ya nufi filin makarantarsu. Malama Mansura, malamar wasanni, tana neman yara mata uku da za su wakilci makarantar a gasar firamare, kuma Laraba mai zuwa za ta rufe sunaye. Zaliha ta ɗaure bakin wandonta, ta sheƙo, ta kafa ƙafa, ta juya kamar taya, ta dira tsaye. Kowa ya tafa. Kai kada ka tafa. Ka tambayi kanka: wannan ƙafar da ta kafa, ba da ita aka koya mana shiga banɗaki ba? Kuma a gaban iyayen gari za ta fito da ita.

2. Kada ka saurari malama

Za ta tsayar da yarinyar, ta ɗan tura ta daga baya, hagu ta yi gaba ta tare ta. Sai ta ce, "Ka gani, Malam Makau? Kowane yaro da ƙafar da jikinsa ya zaɓa. Da dama take cin tuwo, da dama take rubutu. Ka bar mata ƙafarta." Ka gyaɗa kai. Masu boko suna son a gyaɗa musu kai.

3. Ka sa alama

Jan zare ya isa. Makau ya ɗaura mata shi a idon sawun dama, ya ce duk inda zare yake nan ne gaba. Kowace safiya kafin koko, alkafura goma a tsakar gida. Ta faɗa kan danga, ta faɗa kan buta.

"Baba, ƙasa juye mini take yi."

"Za ta daina. Sake."

Faɗuwa ilimi ce, musamman idan ba kai ke yin ta ba. A kwana na huɗu, yarinyar da ko aike ba ta zuwa sai ta juya sau uku a hanya ta koma tafiya sumui-sumui kamar tsohuwa. Ran Litinin malama ta aiko: idan haka za ta faɗi ran Laraba, wata za a sa.

4. Ka nemi fatawa

Makau ya tare Malam Bilyaminu, limamin unguwa, bayan La'asar, ya zayyana masa komai.

"Masallaci za ta shiga da alkafurar?"

"A'a, Malam."

"To, mi ya kawo ka?"

Ka ɗauka bai fahimci tambayar ba. Manyan malamai abubuwa sun yi musu yawa.

5. Kada mahaifiyarka ta sani

A nan Makau ya yi sake. Inna ta ga gwiwar jikarta duk ta ƙuje.

"Kai Makau, mi ɗiyar ga ta yi maka? Kai sanda kake tsallake kwazazzabon bayan gidanmu, da wace ƙafa kake tashi?"

"Da dama, Inna."

"Ni na haihe ka, ni za ka gaya ma? Ka gwada mu gani, sarkin dama."

6. Ka nuna mata da kanka

Ran Talata da yamma ya cire hula ya ba Zaliha ta riƙe, ya naɗe wando, ya ja da baya har bakin zaure. Shekara arba'in da biyar, ga tumbi. Ya rugo. Zuciyarsa na cewa dama, sai ga hagu ta yi gaba da kanta, yadda Inna ta faɗa. Ya janye ta a tsakiyar hanya. Akurkin kaji ne ya tare shi.

Inna ta yi dariya har ta zauna a kan turmi. Zaliha ba ta yi ba. Ta miƙa masa hularsa, ta ce, "Baba, hagu ta so fita, kai ka hana ta. Haka nake ji kullum."

7. Ka je ran Laraba ko da sanda

Mai ɗori ya ce ya kwanta. Makau ya ɗingisa har filin. Malama Mansura na riƙe da takarda, suna biyu sun shiga, saura ɗaya.

"Sau ɗaya ne, Zaliha," in ji malama.

Yarinyar ta dubi jan zaren, ta dubi ubanta. Makau ya dubi iyayen da suka cika gindin dalbejiya. Ya yafito ta. Durƙusawa ta gagare shi, sai ya ce ta ɗora ƙafar a kan benci, ya zaro filaya daga aljihu ya datse zaren.

"Je ki da taki."

Ta je da tata. Ta juya sau biyu, ta dira tsaye, malama ta rubuta. Daga nan aikinka ɗaya ne: ka gaya wa mutanen tasha dama haka ka tsara.

Gargaɗi: mai wannan rubutu ba ruwansa da targaɗe, ko akurkin da ya rushe, ko tsohuwar da za ta riƙa ba da labarinka a kowane gidan suna. Kada ka kawo mini ƙara. Kada ka kai wa Makau ma, ba ya shago. Yau ne gasar, yana can layin gaba, ƙafar dama a ɗaure, yana gaya wa na kusa da shi cewa gado ta yi.