Ranar Da Gimbiya Ta Zauna A Hanyar Gafasa

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗauko amaryar abokina Sagir ba. Ko na so in manta ma, 'yan majalisarmu sun yi alkawarin tuna mini har in yi furfura.

Majalisar tamu tana gindin wata darbejiya a Gaya, daf da wajen wankin mota, kuma ba mu da zance sai na motoci. Akwai masu rantsuwa da motar Japan, su ce motar da za ka samu kayan gyaranta ko a ƙauye ita ce mota. Akwai 'yan Jamus, su ce kai dai rufe ƙofa ka ji ƙarar, ka san ƙarfe ka saya. Ni kuwa ra'ayina ɗaya ne: mota kyau ce, sauran duk surutu. Ina da wata 'yar Kwatano baƙa wuluk, na raɗa mata suna Gimbiya. Da ma can a kwance take, amma sai da na sa aka ƙara kwantar da ita ƙasa, na saka mata siraran tayoyi. Ba mai shiga sai ya kakkaɓe takalmi, saboda shimfiɗun ƙafa na musamman na saya mata (har turare nake fesa musu, Allah ya yafe mini).

Babban abokin musuna shi ne Bala, mai wata tsohuwar akori-kura da yake kai gyaɗa kasuwar Ajingi da ita. Kullum sai na ce masa, "Bala, wannan ai ba mota ba ce, rumbu ne aka sa wa taya." Shi kuma ya ce, "Taka fa? Ko kaza ta kwanta a hanya sai ka kauce."

To, ga inda gizo ke saƙar. Amaryar Sagir, Rabi, 'yar Gafasa ce, kuma tana da ƙanwa Hafsa wadda na mutu a kanta. A gidansu maganar Gwaggo Asabe ake bi, ita kuma an tsegunta mini ta ce ba ta ga alamar natsuwa a tare da "yaron nan mai baƙar mota" ba. Sai na ƙulla dabara: Gimbiya ce za ta ɗauko amarya. Gwaggo ta zauna a kujera mai laushi, sanyin esi ya ratsa ta, kafin mu iso Gaya ta canza magana.

Damina ce. Bala ya ja ni gefe ya ce, "Mutumina, jiya an sha ruwa, kuma akwai wani kwari kafin a hau kwalta. Ka bari su fito a bas, a bakin titi sai su shiga taka." Na ce hassada ce ke cin sa.

Da tafiya lafiya lau na wuce kwarin, ni kaɗai ne a ciki. Na dai ji wani ɗan ƙuuu a ƙasa, na ƙara sautin waƙa. Abin da ban lissafa ba shi ne amarya ba ta tafiya ita kaɗai. Aka fito da Rabi a lulluɓe tana kuka, aka sa ta a tsakiya. Gwaggo Asabe ta shiga ta dama, wasu gwaggonni biyu suka matsu ta hagu, wata inna ta zauna gaba da ƙatuwar kwalla cike da alkaki a cinya. Dukkansu Allah ya yi musu albarkar jiki, masha Allah. Ba wadda ta kakkaɓe takalmi. Kafin in farga kuma an cika but da kaya.

Gwaggo ta dubi rufin motar ta ce, "Ɗan nan, wannan mota ce ko tabarma? Mutum ya shiga kamar zai zauna a ƙasa."

Na ce, "Yayi ne, Gwaggo."

Ta ce, "Allah ya raba mu da yayi."

Mu ne a gaba, bas ɗin ƙawaye da Hafsa a ciki yana binmu, Bala can baya da sauran kaya. Muka iso kwarin. Na yi bisimilla na shiga a hankali, sai ji kake gurum! Cikin Gimbiya ya hau tudun tsakiyar hanya ya zauna daram, tayoyi suna juyawa a cikin taɓo. Ayari gaba ɗaya ya tsaya. Ƙawaye suka sauko cikin ankonsu ruwan ƙwai, suka kewaye mu suna leƙe.

A nan ne shaiɗan ya ce mini in taka totur da ƙarfi. Wallahi ban ga Hafsa a wajen ba. Taɓo ya tashi ya wanke ta daga ɗankwali har takalmi, ita da rabin ƙawayen. Salansa kuma ta ɓalle, Gimbiya ta fara ruri kamar injin niƙa. Na kashe ta, esi ya ɗauke.

Na juya na ce, "Gwaggo, ko za ku ɗan sauka a rage nauyi?"

Ta ce, "A danginmu amarya ba ta taka ƙasa a hanya sai ƙofar mijinta. Mu kuma ba ma barinta ita kaɗai."

Shi ke nan, aka yi cirko-cirko. Zafi ya cika motar, gumi yana bin babbar rigata. Kun dai san al'ada, amarya ba ta cewa uffan sai mu abokan ango mun je sayen baki, an sha ciniki da ƙawaye. Sai ga murya tar daga ƙarƙashin lulluɓi: "Gwaggo, don girman Allah ku sauka! Ni ce amaryar, ba ku ba. Zan suma!"

Aka fashe da dariya. Wani abokinmu ya ɗaga hannu yana ihu, "Baki ya buɗe kyauta! Allah ya saka wa Gimbiya!" Ƙawaye suka yi caa a kaina, wai na karya musu kasuwa. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma motata ta riga ni.

Ba yadda na iya. Na cire hula da babbar riga, na zaro shimfiɗun nan nawa masu turare na jera su a kan taɓo, gwaggonni suka taka ɗaya bayan ɗaya suka haye. Na ari fartanya a gonar da ke gefe, na kwanta rub da ciki ina haƙe tudun. Bala ya zagayo ta gefen gona ba tare da motarsa ta ko yi tari ba, ya ɗaura igiya, ya leƙo ya ce, "Ranka ya daɗe, rumbu ya iso." Ja ɗaya ya fitar da mu, amarya na ciki, ƙafarta ba ta taɓa ƙasa ba. Haka muka shiga Gaya kafin magariba, mota na ruri, direba da singileti, taɓo har cikin kunne.

Na ƙaurace wa majalisa, na kashe waya, na yi wa kaina ta'aziyyar rasa Hafsa a zuciyata. Ranar da na kunna wayar sai ga kiranta. Na fara ba da haƙuri, ta katse ni tana dariya. Wai Gwaggo ta ce, "Motarsa ce ba ta da hankali. Shi kuwa bai zagi kowa ba, bai ɗora wa kowa laifi ba, ya shiga taɓo don kada in ɓata ƙafa. A ce masa ya turo manya." Sharaɗi ɗaya ta gindaya: ranar ɗaukar Hafsa kada ta ga tabarmar nan a Gafasa.

An sa biki bayan kaka. Na kai Gimbiya an ɗaga ta, na saya wa Hafsa sabon leshi, Bala kuma ya zama babban abokin ango (har yanzu in na zauna a majalisa sai wani ya tambaye ni farashin fartanya). Yanzu in ana musun Japan da Jamus, shiru nake yi. In an matsa mini sai in ce: kafin ka zaɓi mota, fara zuwa ka ga hanyar gidan surukanka, ka kuma ƙirga gwaggonni.