Ranar da Na Ɗaura wa Yaya Rabi Aure da Bakina

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi ba, ko da kuwa mutanen gidanmu za su bar ni in manta, kuma ba su da niyya.

A gidanmu na Agege, a Legas, ni ce tafinta. Tun da na gama sakandare, duk saƙon Turancin da ya shigo wayar wani, ni ake miƙa wa. Matsalata da masu Turanci ɗaya ce: rowar magana. Mutum zai rubuto kalma huɗu, babu wane ne, babu me ya sa, sauran ka nemo da kanka. Ni kuma ba ni da haƙurin tambaya, sai in cike gurbin da abin da na ga ya dace. (Har yabona ake yi wai fassarata ta fi saƙon daɗi.)

Yaya Rabi 'yar wan Baba ce, bazawara, ta zo daga Argungu tana sayar da waina a ƙofar gida. Akwai wani Bayerabe direban bas ɗin haya, Wasiu, kullum sai ya saya, har ya karɓi lambarta. Ranar Juma'a ya turo mata saƙo da Turanci. Abin da ke ciki ke nan kaf: "Lahadi bayan la'asar. Da kawuna. Idan Alhaji na nan."

Yaya ta ce, "Me ya ce?"

Namiji, da kawunsa, wajen uban gida, bayan la'asar. To me kuma ya rage? Na gyara zama na ce, "Ya ce zai kawo magabatansa gaisuwar neman aurenki."

"Haka ya rubuta?"

"Yaya, ni na yi makarantar ko ke?"

Aka yanka kaji uku. Yaya ta yi lalle har gwiwar hannu. Baba, wanda dillalin shanu ne a abbatuwa, wato mayanka, ya kira aminansa biyu, suka sha manyan riguna. Ni kuma aka zaunar da ni bakin tabarma, tafinta guda.

Sai ga Wasiu da rigar ƙwallo da silifas, kawunsa na biye. Kawun ya ci kaza ya sha lemo, yana ta mamakin karamcin Hausawa, sannan ya ce da Yarbanci mahaifiyarsu ce ta rasu, suna neman bijimi mai ƙiba na taron addu'a, Wasiu ya ce masa Alhaji ba ya cuta.

Na buɗe baki in fassara, Baba ya ɗaga mini hannu. Shekara talatin yana ciniki da Yarbanci, ya riga ni ji.

"Ke, kawo wayar. Nuna mini inda aka rubuta aure."

"Baba, ai su Turawa ba sa faɗin komai duka..."

"Ke kuma kina faɗin har wanda ba a ce ba."

A bayan labule na ji ƙarar awarwaron Yaya tana komawa ɗaki. Baba dai ya sayar da bijiminsa. Yaya ta yi wata guda ba ta ce mini ko sannu ba, kuma har lallen ya goge Wasiu na zuwa sayen waina yana yaba kwalliyar.

Yanzu in aka ba ni saƙo, abin da ke ciki nake karantawa, inda aka bar rami in ce, "Nan bai faɗa ba, ku kira shi." Suna ƙorafi wai fassarata ta lalace. Yaya Rabi kuwa ɗan maƙwabta take kai wa wayarta.