Teburin da Na Yi wa Surukina

Ba na jin zan taɓa mantawa da Juma'ar da na ɗora surukina a kan tulin kujerun roba. Har yanzu in na tuna sai in ji wata gajiya ta sauko mini a kafaɗa, irin wadda barci ba ya maganinta.

Ni ɗan kasuwar Kwari ne, atamfa da shadda nake sayarwa, kuma a Fagge nake zaune da matata Rashida da 'yarmu Hanifa. Mahaifin Rashida, wanda duk muke kira Baba, Bayarabe ne haifaffen Sabon Gari, Hausarsa ma ta fi tawa daɗi. Tun da muka yi aure, al'adarsa ce in an sauko daga masallacin Juma'a ya biyo ta gidanmu, a shimfiɗa masa tabarma ya ci girkin 'yarsa. Sai ciwon gwiwa ya sa shi a gaba. Zaman ƙasa ya gagare shi, falonmu kuma kujerun ƙasa ne, irin waɗanda ake jinginawa da bango. Shi ko Baba ba mutum ne da zai yarda a gan shi yana dafa gini kafin ya miƙe ba. Ya fara kawo uzuri, yau baƙi, gobe mura, har ya ɗauke ƙafa gaba ɗaya. Rashida ba ta yi ƙorafi ba, amma duk Juma'a sai ta tuƙa amala ta zuba a kula, har la'asar tana leƙen ƙofa.

Wata rana ta ce mini, "Abban Hanifa, da muna da teburin cin abinci, na san Baba zai dawo."

Mai hankali zai shiga Sabon Gari ne ya sayo. Ni kuwa sai na bugi ƙirji na ce da hannuna zan yi wa Baba tebur. (Kada ka tambaye ni dalili. Bidiyo na gani a waya, wani Bature mai gemu ya haɗa tebur kafin shayi ya huce, ko gumi bai yi ba.) Gaskiyar magana kuma, ina so Baba ya san mijin 'yarsa ya iya wani abu ban da cika baki a kasuwa.

Na je wajen masu katako na zaɓo falankai masu kauri, na haɗa da zarto da guduma da ƙusoshi da gam da takardar goge katako. Tun a hanya wahalar ta fara. Muka shiga cunkoson mahaɗar Bata a adaidaita sahu, falankai sun zarto ta baya kamar jela, duk wanda muka wuce sai ya aiko mana da baƙar magana. Mai adaidaitan ya sauke ni a bakin lungu, ya ce ko da kuɗi ba zai ƙara gaba ba. Ɗaya bayan ɗaya na yi ta jidonsu a ka.

Daga nan tsakar gidanmu ta koma wajen aikin kafinta. In na taso daga kasuwa, maimakon in huta, sai in tuɓe riga in kama zarto. Hannun da ya saba da almakashi bai san yaren zarto ba: ni ina so ya bi layi, shi yana so ya je yawo. Guduma ta sauka a babban yatsana har farce ya yi baƙi ya fita. Garin katako ya shiga ko'ina, har cikin tulun ruwa. Bayana ya riƙe, a sallah ma da ƙyar nake ruku'u. Akwai ranar da na zauna a kan falanki na yi tagumi, na ji kamar in kira masu ƙosai su kwashe shi su hura wuta. Abin kunya kawai na guda, don na riga na aika wa Baba cewa ana yi masa tebur.

To, ga inda na kashe kaina. Da aka zo yankan ƙafafu, ban koma kan bidiyon ba. Ni da nake awo tun ina yaro, wani Bature ne zai koya mini? Tebur ɗaya na sani a duniya wanda jikina ya saba da shi, wato kantar shagona, inda nake tsayawa ina shimfiɗa yadi ina yanka. Na ɗauki sandar awo na auna tsayinta, na zo da shi gida. Sannan duk ɗan Kwari na kirki ya san ba a yanka wa mutumin arziki yadi cif-cif, sai an sakar masa gyara, don yadi in ya gaza ba ya ƙaruwa. Baba kuwa ai ya wuce mutumin arziki. Saboda haka kowace ƙafa na sakar mata taƙi guda, da taƙin hannuna. (Mu asalinmu Barno ne, tsawo gadonmu ne. Gidan su Rashida kuwa, Allah ya ba su komai, amma bai ba su wannan ba.)

Da na kafa shi, Rashida ta zagaya shi ta ce, "Anya, Abban Hanifa, bai yi tsawo ba?"

Na tsaya a gefensa na dafa shi, na ji ya zauna mini daidai. Na ce, "Ke dai je ki ji da tukunyarki. Awo sana'ata ce."

Ban taɓa gwada shi a zaune ba. Ko sau ɗaya. Kujerun ma ba mu da su, sai ranar Juma'ar da Baba zai zo, da safe na aro na roba a wajen maƙwabcinmu mai ba da haya, na jingine su a zaure na tafi masallaci.

Baba ya iso da matarsa Alhaja, ya sha farar babbar riga, yana dogara sanda. Rashida kamar ta yi rawa don murna. Na durƙusa na gaishe su, na ja masa kujera da alfahari. Ya zauna.

Ban ga Baba ba. Hularsa na gani, da idanunsa, da rabin hancinsa. Kwanon amala yana daidai da goshinsa. Alhaja da ta zauna a ɗaya gefen, ɗaurin ɗankwalinta kawai ya leƙo.

Baba ya ce, a natse, "Masha Allah. Tebur ya yi ƙarfi."

Ya ɗaga hannu sama kamar mai ɗauko kaya a kan kanta, ya gutsuro amala, ya laluba ya tsoma a miyar ayoyo. Miya mai yauƙi ta biyo hannunsa ta gangara cikin hannun farar rigar.

A nan ya kamata in ba da haƙuri, a nemo wata dabara. Amma mutumin da ya sha wuya a kan abu ba ya saurin yarda ya faɗi. Na ce, "Baba, ai kujerar ce ta yi ƙasa, bari a gyara." Na kwaso sauran kujerun robar na jera su a kan juna har suka yi tudu. Na kife turmi ya taka, na riƙe masa hannu, ya hau. Rashida tana yi mini ido, ni kuwa na ƙi kallonta. Alhaja ta ɗauki kwanonta ta koma tabarma.

Haka Baba ya ci abincinsa a can sama, ƙafafunsa suna reto, shi kaɗai kamar alƙali. Bai bar ko loma ba, har ya nemi ƙari don ya faranta wa 'yarsa.

Da ya wanke hannu ya zo sauka, sai gwiwoyin suka ƙi. Sun sandare saboda reton da suka yi. Ya miƙa ƙafa yana neman turmi, ya cije leɓe, ya mayar. Ya sake gwadawa, tulin kujerun ya yi wata ƙara ya karkata. Rashida ta yi salati. Babu wani namiji a gidan sai ni. Mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba tun ranar da na je neman aure, shi na rungumo da hannu biyu na ɗauko cak, kamar yadda nake ɗaukar Hanifa in ta yi barci a falo.

Na shirya wa nauyi, sai na ji babu. Babbar rigar ce kawai take da cika, mutumin da ke cikinta ƙashi ne. Bandir ɗin shadda ya fi shi nauyi. Kafin in dire shi ya matso da bakinsa kusa da kunnena ya ce, "Ka ji abin da ya rage ko? To, ka riƙe a cikinka. Kada ka tayar wa 'yata da hankali."

Na dire shi na durƙusa, na ce, "Allah ya ƙara lafiya, Baba." Ya gyara hularsa ya ce da Rashida amala ta yi daɗi. Na raka su bakin titi na tsayar musu da adaidaita, na dawo na tarar da Rashida zaune a ƙarƙashin teburin tana kwashe kwanuka, tana dariya tana share hawaye. Ban tambaye ta na mene ne ba, ita ma ba ta tambaye ni abin da Baba ya raɗa mini ba.

Washegari ban fita kasuwa ba. Na zaunar da Rashida a kujera, na sa ta ɗora gwiwar hannu inda ya yi mata daɗi, na yi alama da gawayi, na sake kama zarton nan da na rantse na gama da shi. Ƙafa ɗaya ta ɗan gaza, har yau da guntun kwali take tsaye. Baba ya dawo Juma'ar da ta biyo, ya zauna, ƙafafunsa a ƙasa, kwanonsa a gabansa. Bai yabi teburin ba, bai kushe shi ba, ya dai ce a ƙaro masa miya.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba, amma da farce guda da mutuncin wuni guda na saye shi: in za ka yi wa mutum abu, fara duban mutumin tukuna. Ni kam katako na yi ta aunawa, ban san yadda surukina ya koma ba sai da na ɗauke shi a hannu.