Taguwa Ta Rasu da Kayan Mutane a Bayanta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin da har yanzu ban sami wanda zan sauke wa ba, nake sanar da 'yan uwa, abokan arziki da duk masu haya a wajenmu rasuwar Taguwa, babbar na'urarmu, wadda 'yan boko ke kira saba. Ta cika ranar Litinin da hantsi, a ɗakin sanyi na bayan ofis, a kan kantar ƙarfen da take zaune tun zuwanta.

Ga wanda bai san sana'armu ba, haya muke bayarwa. Mai kanti ko mai makaranta yana son shafinsa a intanet, sai mu ba shi ɗaki a cikin na'ura, ya riƙa biya duk wata. Ni da na yi rabin rayuwata ina dillancin gidaje ban ga wani bambanci ba, sai dai a nan ɗan haya ba ya karya maka famfo.

Marigayiya ta zo mana ba sabuwa ba, amma da mutuncinta. Mai haƙuri ce, ba ta da ƙorafi. An ɗauke wuta ba adadi, janareto ya yi mata wulaƙanci iri-iri, rufi ya taɓa ɗiga a gefenta, duk ta jure. In ka kunna ta, sai ta ce "tit" sau ɗaya, kamar mai amsa sallama, sannan ta kama "huuum" ɗinta. Da wannan "huuum" ɗin na aurar da 'ya'ya mata uku.

Ajalinta ya faro ne ranar da na yi ciniki da mai manhaja. Surukina, mijin 'yata, wanda shi ne injiniyanmu, shi ya kawo shi, bayan mun ƙaro na'urori biyu sababbi, Gimbiya da Auta. Mutumin ya ce manhajarsa za ta karɓi sabon ɗan haya, ta karɓi kuɗinsa, ta duba cikin na'urorin uku wadda ta fi ƙarancin mutane, ta kai shi can, ni kuwa ina shan shayina. Na tambaye shi ko tana da adalci. Ya ce ai ba ta san ɗan uwa ba, ba ta san bare ba. Na ja farashi har ya fara share zufa, muka sha hannu. Na fito ina jin na ci ciniki.

Daga nan na dubi Taguwa, na ga ta yi mana bauta, ga matasa sun zo. Na ce wa surukina a rage mata kaya ta huta. Ya kwashe ƙananan 'yan hayarta, su tela da mai sayar da takalma da mai gyaran gashi, ya kai wa matasan. Ya bar mata manya kaɗan, cikinsu har da mai motoci, abokina na tun ƙuruciya, wanda fasinjojinsa ke yankar tikiti ta shafinsa. Shi ne ɗan hayana na farko, kuma ya rantse ba za a ɗaga shi daga Taguwa ba, don ita ya yarda da ita.

Abin da mai manhaja bai faɗa ba shi ne, manhajarsa kai take ƙirgawa, ba nauyi ba. A wajenta, shafin tela mai hoton riga biyu da shafin kamfanin motoci duk ɗaya ne. Ta duba ta ga Gimbiya cike, Auta cike, tsohuwa kuwa ga ɗakuna a buɗe. Sai ta riƙa aika mata duk wanda ya shigo: mai ɗaukar bidiyon biki da lodin bidiyonsa, makaranta da sakamakon ɗalibanta, da wani da har yau ban gane me yake sayarwa ba. Da na ji numfashin Taguwa ya canza, na ce a ƙara rage mata. Surukina ya rage. Manhaja ta ga wuri ya sake samuwa, ta cike. Muna saukewa ta ƙofar gaba, ana lodawa ta ƙofar baya, kuma kowa a cikinmu yana ganin taimakonta yake yi.

Jinyarta ba ta yi tsawo ba. Jiki ya ɗau zafi, fankarta ta koma kuka kamar injin markaɗe. Ranar Litinin, lokacin da fasinjoji suka fi yankar tikiti, faifan ajiyarta ya fara "ƙis, ƙis, ƙis". Koriyar fitilarta ta koma ja. Na ɗora mata hannu, na ji wari kamar an ƙona roba. Sai shiru. Ban taɓa sanin ɗakin nan yana da shiru haka ba.

Mun dawo da abin da ya dawu daga kwafin da muka ajiye, amma kwafin ya kwana biyu, tikitin da aka yanka bayansa ba ya ciki, sai aka sake sayar da kujerun. Washegari mai motoci ya zo da kansa. Na ja masa kujera, bai zauna ba.

"Abokina, ba fushi na yi ba," in ji shi. "Mutum biyu na tarar a kujera ɗaya, kowa da tikitinsa, mota bayan mota. Wannan kunyar ba zan sake shanta ba."

Ya kwashe shafinsa ya koma wajen yaran nan na bakin titi masu irin sana'armu, waɗanda ni na koya wa ubansu ciniki.

Na kira mai manhaja. Ya yi mini ta'aziyya, sannan ya ce manhajarsa abin da aka ce mata ta yi, kuma akwai wani ɗan akwati da ake dannawa in ana son a daina kai wa na'ura sababbin mutane. Na juya ga surukina. Ya ce ai akwatunan suna da yawa. Kafin in gama haɗa maganar da zan faɗa masa, 'yata ta bugo waya tana roƙon kada in ɗaga wa baban yara hankali, wai bai ci abinci ba. Ni ba wanda ya tambaye ni ko na ci.

Marigayiya ta bar Gimbiya da Auta, waɗanda ba su da juriyarta ko kaɗan, da batirin wuta mai tari, da injiniya ɗaya da ba shi koruwa, da ni.

Za a yi jana'izarta ranar Alhamis bayan la'asar, a bayan ofis, inda ɗan gwangwan zai zo da kurarsa da sikelinsa. Shi aƙalla nauyi yake aunawa. Ana karɓar gaisuwa a ofis, amma masu ba da shawara su riƙe kayansu, mun ƙoshi.

Mai manhaja ya ci riba, wata na kamawa zai karɓi kuɗinsa. Ɗan gwangwan ya ci, yaran bakin titi sun ci. Ni na rasa na'ura, na rasa ɗan hayana na farko, gaisuwarmu ma ta koma ɗaga hannu daga nesa. Ita kuwa Taguwa, ko hutun da na nema mata bai samu ba. Surukina bai gano yadda ake cire sunanta daga manhajar ba tukuna, kuma yanzu duk gidan babu wadda ta kai ta ƙarancin mutane. Yau da safe manhaja ta aika mata sabon ɗan haya.