Madubin da Mai Hoto Ya Ƙi Leƙawa

Ina tsakiyar matattakalar gidana, rungume da kwalin sabon madubin hangen nesa, wayata ta yi ƙara. Matar Mai Hoto ce. Ta ce, "Baban yara bai farka daga aikin tiyatar ba." Na zauna a nan, kwalin a kan cinyata. Haushi ne ya riga hawaye zuwa, kuma har yau bai sake ni ba.

Mai Hoto taubashina ne, ɗan kawuna, abokina tun muna yara. Shi ɗaukar hoto yake yi, ni gyaran famfo. Ba mu taɓa gaisawa babu zagi ba. Da likita ya sa masa ranar aikin zuciya, abu ɗaya ya ce yana so: ya ga Zuhal, duniyar nan mai zobe, da idonsa. Ƙafafunsa sun kumbura, sai ya aike ni in sayo madubi. Ana gobe zai kwanta asibiti na kai masa, rana ta faɗi, yana zaune a baranda.

"Sannu da jiki, gawa ta ƙi rami."

"Yauwa, sarkin yoyo. Mene ne wannan ka rungumo? Sandar makaho?"

"Madubinka ne. Karanta kwalin. Yana ninka girman abu sau ɗari shida."

"Me na ce ka sayo?"

"Mai ƙarfi."

"Mai faɗin baki na ce. Kunnuwa kamar murfin tukunya, amma magana ba ta zama a ciki."

"Mai shagon ya rantse wannan ya fi."

"Mai shagon fuskarka ya kalla, ya gode wa Allah."

"Mutum ya bar aikinsa, ya sha rana dominka, ko ruwa ba ka ce a kawo masa ba."

"Kai da ruwan gidajen mutane ke ƙarewa a jikin rigarka? Zo nan. Ka tsufa a cikin bututu. In ka sa siririn bututu, ka ɗaura masa ƙaton kan famfo, ruwan ƙaruwa yake yi?"

"Ba ya yi."

"To haka haske yake. Bakin madubi ne ke tara shi. Ninkin da kake taƙama da shi, ɗan abin da ya shigo kawai yake bajewa. Kamar ka ja ƙaramin hoto ya cika bango."

"Duk ka san wannan, hoton aurena ya fito kamar an ɗauke mu a cikin hayaƙi?"

"Hoton lafiya lau. Angon ne haka."

Raina ya ɓaci da gaske. Na kafa madubin, na juya shi inda ya nuna min da yatsa, na sa gilashin ido mafi ƙarfi. Da ƙyar na kamo wani abu yana rawa.

"Me ka gani, malam?"

"Kamar tabon mai a riga."

"Ka ga Zuhal na mai shago ke nan. Cire wannan, sa wancan mai raunin da ka jefar a kwali."

Na sa. Sai ga shi. Ɗan mitsitsi, bai kai ƙwayar shinkafa ba, amma fes, da zobensa kewaye da shi. Na manta fushi nake yi.

"Taso. Wallahi ga shi. Riƙe kafaɗata ka taso."

"Ba zan taso ba."

"Taku nawa ne? Ko in kawo maka shi gaban kujera."

"Kada ka taɓa. Shekarun da na yi ina jiran wannan, sai in gan shi ta ramin allura?"

"Gobe fa za su kwantar da kai, mutumin banza."

"Na sani. Ni za a yanka, ba kai ba."

"To ka leƙa mana. Sau ɗaya."

Ya kawar da kai. Ya daɗe yana kallon sama da ido kawai, numfashinsa yana fita da ƙyar.

"In na leƙa yau," ya ce, "me zan dawo in yi?"

Na kwance madubin, na mayar da shi kwali. Shi ne na je na musanya bayan sun kwantar da Mai Hoto a asibiti. Sabon yana ɗakina, ban buɗe ba. Wata rana nakan tsaya a kansa in zagi Mai Hoto kamar yana ji.

A wancan daren, da na kai bakin ƙofa zan tafi, ya kira ni.

"Sarkin yoyo. Wanne za ka sayo?"

"Mai faɗin baki."

"Kamar na wa?"

"Kamar naka."

Ya yi dariya har tari ya kama shi.

"Kai dai ka dawo," na ce.

"Ina zan je in bar ka da masu shago?"