Ranar da Biro Ya Iske Ni Har Gida

Jiya da hantsi, jama'a, manyanmu suka cika alkawari, kuma a kaina suka cika shi.

Bari in faɗi gaskiya tunda asiri ya riga ya tonu. Shekara uku ke nan, tun saukar tutar Nasara, nake zaune a inuwa da farar riga da alƙalami a aljihu. Duk wanda ya yi mini zancen gona sai in ce na nemi aikin ɗan aike na gwamnati, takardata tana Yamai. Matata Habi ta yarda. Surukina Alƙasum na Kalfu bai yarda ba, amma kwana biyu a bayan kamyo, wato babbar motar kaya, zuwa Yamai don ya ƙaryata ni ya fi ƙarfinsa. Takardar kuwa ban taɓa aika ta ba. Tsoro nake ji kada a ɗauke ni aikin.

Da iyayen gijinmu masu baƙin tabarau suka ce za a kwaso wasu ma'aikata da bironsu, wato ofishinsu, daga Yamai babban birni a kawo nan Tawa, na fi kowa tafi. Ai na san hali. Rijiyar da suka yi wa unguwarmu alkawari har yau dutse ɗaya aka aza, awaki ke hutawa a kansa. Na ce wannan ma sai jikokinmu.

Sai ga kamyo biyu shaƙe da kujeru da akwatunan takardu, da wani ma'aikaci, Mushe Moussa (Mushe shi ne Malam a Faransanci), fuska a murtuke don an raba shi da kogi da lantarki.

Habi ta yafa zane ta ce, "Tashi mu tai, biro ya zaka."

Na ce, "Haba, ko gajiya ba su huta ba."

"Kai ka huta musu."

A gaban Mushe na sassauta murya. "Halama takardun namu na can baya?"

Ya ce, "Ko guda ba mu bari ba."

Shekara uku ina zagin ma'aikata da lalaci, sai ranar nan na gamu da mai himma. Ya zazzage akwati uku yana gumi, ya sake bi daga farko. Babu sunana, babu mai kama da shi.

Habi ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ta bi da ni ta maƙera ta zaɓi hauya, ta gwada nauyinta, ta miƙo mini.

"Gobe Baba na jiran ka Kalfu. Can ba a tambayar takarda."

Ranku ya daɗe, in da sauran biron da za ku kawo, ku shawarci talaka tukuna. Wasunmu da nisanku muke rufa asiri.